Ƙwaƙwalwar Laptop a Tsohuwar Kwamfutar Malam

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta su. Amma satin da na saka wa tsohuwar kwamfutar maigidana ƙwaƙwalwar laptop da hannuna, ban san ko aiki nake yi ba ko taya mara lafiya shirme nake, wannan kam yana nan tare da ni har a rufe ni.

Ni ba mai yawan magana ba ce. Ban yi boko ba, allo kawai na yi, shi ma ban yi nisa ba. Na binne 'ya'ya biyu a gida kafin na biyo Malam London. A nan na yi sharar ofis, na wanke banɗakin mutanen da ba su taɓa kallon fuskata ba, ranar Asabar kuma in je can wajen Regent's Park in yi wa amaren masu hali lalle. Ba na kuka a gaban mutane. Abin da ya zo in ɗauka. Wannan ne kawai ya zo na rasa ta inda zan kama shi.

Malam mai gyaran kwamfuta ne. Yana da ɗan tebur a lungun shagon wani Baturke a Edmonton, kusa da ɗan gidan da hukumar unguwa, council, ta ba mu. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura takalmi, ya faɗi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti yana jan ƙafa da sanda, hannun dama a rataye kamar ba nasa ba, bakin kuma ya karkace. Abin da ya fi damuna maganarsa ce. Zai nemi cokali ya ce a ba shi mukulli. Zai kalli buta ya ce taga. In ya ga ban gane ba sai ya juyar da kai wajen bango, ya wuni a haka.

'Ya ɗaya Allah Ya bar mana. A nan aka haife ta, tana aure a Deptford, tana aiki, ga yara ƙanana. Hausa tana jin ta sarai, amma da Turanci take mayarwa, sai in ranta ya ɓaci ko tana lallashi take haɗa su biyun. Ba zan zalunce ta ba, yarinyar ta yi ƙoƙari. Daga wurin aiki take hawa jirgi ta zo, ta wanke masa kai, ta yanke masa farce, ta koma gidanta a gajiye.

Ran nan na dawo daga shara na tarar da ita a bakin ƙofa, tagogi duk a buɗe, gidan yana warin gas. Malam ya kunna murhu zai dafa shayi, wuta ba ta kama ba, ya koma kujera ya zauna.

Ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Ta ce, "Mama, ba zai yiwu ba. Na yi booking da council. Wata mata za ta zo sati mai zuwa ta duba shi. Akwai gidan da ake kula da irinsu, ba nisa."

Na ce, "Gidan tsofaffi."

"Care home, Mama. Akwai nas dare da rana. Za ta yi masa tambayoyi, za ta tambaye ki ke ma, tunda ke kike zaune da shi. Za ta ce miki hankalinsa yana nan ko ba ya nan. Don Allah ki faɗi gaskiya."

Na ce gaskiya zan faɗa. Sai da ta tafi na zauna na gane ban san gaskiyar ba.

Washegari Malam ya buga sanda a ƙasa, haka yake kirana tun da ya kwanta. Ya nuna saman kabad. Akwai wani ɗan ƙunshi da ya zo ta gidan waya lokacin yana asibiti, na jefa shi can ban buɗe ba. Na sauko da shi. A ciki akwai wani abu fale-fale, bai kai tafin hannun jariri ba, a tsakiyarsa ɗan madubi yana ƙyalli. Ya sake nuna ƙarƙashin tebur, inda wata tsohuwar kwamfuta mai akwati take, irin wadda ofisoshi suke zubarwa. Ita ma a shara ya tsince ta tun yana da lafiya.

Ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin na haɗa maganar. Wannan ɗan abin, wai processor sunansa, shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma na laptop ne. Tsohuwar kwamfutar tana da babban faranti a ciki wanda komai yake zaune a kansa, motherboard. So yake a cire tsohuwar ƙwaƙwalwar daga farantin a saka ta laptop, sannan a matsa mata ta yi gudun da ya fi wanda masu ƙera ta suka yanka mata, wai overclocking.

Na ce, "Gudu zuwa ina?"

Ya ce, "Gudu... kawai."

"Wa ya kawo gyaran?"

"Ba kowa."

"To wa zai biya?"

Ya kalle ni kamar na zage shi. Sannan ya ɗaga hannun hagu ya nuna hannuwana. Ya ce, "Mai lalle... aro."

Tun muna yara a aure yake ce min mai lalle in yana son wani abu. Rabon da in ji sunan tun kafin ya faɗi. Na je na wanke hannu.

Da yamma 'yar ta kira, na gaya mata. Ta ce za ta tambayi mai kula da kwamfutocin wurin aikinsu. Ba a jima ba ta sake kira. "Mama, ya ce babu wannan. Ta laptop a manne take da dalma, ba a cire ta, ba ta shiga babbar kwamfuta. Ya ce shi bai taɓa gani ba. Kin gani ko? Kamar mutum ya ce zai saka wa mota injin keken ɗinki ne." Ta ce, "Ki biye masa kawai, kar ransa ya ɓaci. Amma ki lura."

To na lura. Abin da na gani ne ya ƙara rikita ni.

Da farko ya sa na buɗe akwatin, na share ƙurar shekaru da buroshi. Har nan na gane, shara aikina ce. Sai ya sa na ɗauko wani abu kamar maƙalin shanya mai waya, na maƙala shi a kan wani ɗan baƙin abu kamar ƙwaro a jikin farantin, ɗayan bakin wayar kuma a laptop ɗinsa. Maƙalin ya yi ta zamewa, yana ta cewa a sake. Na tambaye shi me muke yi.

Ya ce, "Goge... abin da ta sani."

Na ce, "Goge?"

"Ba ta san... baƙuwa ba. A goge. A koya mata... sabo."

Mutumin da aka goge wa rabin kalmominsa yana zaune yana goge wa kwamfuta nata. Na ce a raina ko dai abin da ya same shi ne yake maimaitawa a kan kwamfuta, yadda yaro in an yi masa allura yake zuwa ya yi wa 'yar tsana? Amma kuma ina kallon yatsansa na hagu yana tafiya a kan madannai, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa komawa baya ba. Mahaukaci yana tafiya a miƙe haka? Ban sani ba. Ban taɓa zama da mahaukaci ba, ban kuma taɓa zama na kalli Malam yana aiki ba. Shekara da shekaru yana fita da safe ya dawo da yamma, ban taɓa tambayar me yake yi da ƙarafan nan ba.

Kwana na gaba ya sa na kifa ƙwaƙwalwar a kan farin kyalle, ya gyara mata zama da kansa, kusurwar da take da 'yar alama tana kallona. Bayanta cike yake da ɗigo-ɗigon ruwan zinariya a jere, ƙanana kamar ƙwayar riɗi. Ya tura min wani salatif ruwan ɗorawa da sabuwar reza. Wai ɗigo biyu zan rufe daga cikin wannan tarin, in bar sauran.

Na ce, "Malam, salatif? A cikin kwamfuta?"

Ya gyaɗa kai.

"Kwamfutar da Turawa suka ƙera, sai da salatif za ta tashi?"

Ya ce, "Yanka."

Nan ne kaɗai a duk aikin hankalina ya kwanta, don yanka salatif sana'ata ce. Jan lalle haka muke yin sa, a shimfiɗa salatif, a fitar da zane da reza, a liƙa a ƙafa kafin a shafa lallen. Na yi wa amare ganye da fure da ba su kai farce ba. Na yanko 'yan gutsattsari biyu, na ɗauke su da hantsaki. Ya gaya min layin da zan bi daga sama, ya ce na huɗu da na biyar. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, na liƙa. Suka zauna daram, ba su taɓa na kusa da su ba.

Lokacin ya gaji. Tun da ya kwanta idonsa ba ya jure kallon ƙaramin abu, sai ya kama ruwa. Ya ce, "Kin... ƙirga?"

Na ce, "Ka taɓa ganin amarya ta dawo min da ƙafa?"

Ya jingina ya lumshe ido.

Ranar Asabar muka ƙarasa. Ban karɓi aikin lalle ba ranar. Na kwantar da ƙwaƙwalwar a gurbinta, ga mamakina ta shiga. Na ɗiga mata wani abu mai ruwan toka kamar man goge baki. Da na zo ɗaure fankar da take zama a kanta, ya riƙe min hannu. Wai madubin nan tsirara yake, ba shi da murfi irin na babbar kwamfuta, in na matsa zai tsage. Kaɗan a nan, kaɗan a can, a zagaya. Muna cikin haka 'yar ta shigo da ledar cefane. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon uwarta a durƙushe da sukundireba, ubanta yana ba da umarni da sanda.

Ta ce, "Sannu Baba. Ya jiki?"

Ya ce, "Zauna... ki gani."

Ta zauna a hannun kujera, ko jakarta ba ta ajiye ba. Na jona wuta. Ya miƙa yatsa ya danna.

Fanka ta motsa kaɗan ta tsaya. Ta sake motsawa ta tsaya. Gilashin kwamfutar baƙi ƙirin. Malam ya fizge wayar daga bango da sauri, rabon da in ga ya yi wani abu da sauri haka tun yana da lafiya. Shi ke nan. Ana jin motar bas tana tsayawa a ƙasa.

'Yar ta tashi ta sumbace shi a ka. Ta ce, "Ba komai Baba, ka yi ƙoƙari." Irin muryar da take yi wa ɗanta in ya zana mata doki mai ƙafa shida. Ta shige kicin, na bi ta. Ta kunna famfo don kar ya ji kukanta.

Ta ce, "Mama, Baba ne fa. Shi ya koya min lissafi. Dubi abin da ya koma."

Ita ta tambayi wanda ya sani, an ce mata ba ya yiwuwa, ga shi bai yiwu ba. Ni abin da nake da shi salatif ne da reza. Da ta tafi na shiga ɗaki na sauko da akwatin tafiya daga saman kabad, na buɗe shi a kan gado. Na tsaya ina tunanin riguna nawa ake kai wa mutum irin wannan gidan, da ko za su bar shi da butarsa, da wa zai gane in ya ce taga alwala yake so.

Shi kuwa yana kujera tun azahar har bayan la'asar. Bai juya wajen bango ba. Akwatin yake kallo, leɓensa yana motsi. Na leƙa sau biyu na ga haka, na ce to, abin ya kai ga magana da kai.

Sai na ji sanda a ƙasa.

Na fito. Ya ce, "Ke. Daga ina... kika fara?"

"Fara me?"

"Ƙirga."

Na ce, "Daga dama mana. Wa yake fara abu da hagu?"

Ya kalle ni. Sai kafaɗarsa ta fara rawa, bakin ya ƙara karkacewa, wani sauti yana fita kamar an shaƙe shi, miyau yana zuba. Na ce inna lillahi, ciwon ya dawo. Na rarumi waya zan kira motar asibiti, ya ɗaga min sanda. Ashe dariya yake yi. Ban taɓa jin dariyarsa da sabon bakin ba, shi ya sa ban gane ta ba.

Da ya samu numfashi ya ce, "Laifina. Ban... faɗa ba." Ya fara lissafawa da yatsun hagu. "Takalmi, dama. Lalle, dama. Karatu, dama. Shara ma... dama kike farawa. 'Yan boko... hagu."

Gaskiyarsa. Ni da na koyi baƙi a allo, idona daga dama yake tashi, ko kwanuka zan ƙirga a kanta. Ban taɓa sanin haka a kaina ba sai ranar. Shi kuwa bai buɗe akwatin ba, bai ga salatif ɗin ba. Yana zaune ya bi aikin a kansa tun daga farko, bai samu kuskure a ƙarfe ba, sai ya zo kaina.

Muka kwance komai. Na riƙe masa madubin ƙara girma, ya duba. Ga su nan na huɗu da na biyar, tsaf, a ɗaya gefen. Na ɓare su, na yanko sababbi, na ƙirga daga hagu, hannuna yana gardama. Muka mayar, ya danna. Fanka ta tashi ta tsaya, ya ɗaga min hannu wai in jira. Ta sake tashi, wannan karon ba ta tsaya ba. Rubutu fari ya fito a gilashin.

Na koma ɗaki na mayar da akwatin tafiya saman kabad. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ashe yanzu aka fara. Washegari ya shiga wani shafi mai cike da lambobi ya ƙara wata lamba. Kwamfuta ta tashi. Ya sa ta wani aiki, fankar ta kama ihu kamar injin markaɗe, iska mai zafi tana fitowa ta baya. Ya sake ƙarawa. Ya sake. Sai gilashin ya ƙame, ya yi baƙi, ta ƙi tashi.

Na ce, "Malam, me ka yi?"

Ko a jikinsa. Ya nuna min wani ɗan batir kamar sule a jikin farantin, wai in cire, in jira kaɗan, in mayar. Na yi. Ta tashi. Ya koma shafin nan, ya ci gaba da ƙara lamba har ta sake mutuwa.

Na ce, "Mun sha wuya ta tashi, kai kuma kana kashe ta da hannunka?"

Ya ce, "Iyaka... nake nema."

"Iyakar me?"

"Tata. Sai ta faɗi... ake sani."

"In ta ƙone fa?"

Ya ɗaga kafaɗa ɗaya, wadda take ɗaguwa.

Wannan shi ne overclocking ɗin da yake ta faɗa. Na koma inda na fito. Jiya na ce mai hankali ne, don ya gano abin da ido bai gani ba. Yau ga shi yana kashe abu yana tayarwa, ni ina cire batir ina mayarwa kamar mai jan ruwa da guga mai huji. Na kira 'yar na ce kwamfutar ta tashi fa. Ta ce, "Da gaske?" Na ce amma ta sake mutuwa, shi ya kashe ta, wai iyaka yake nema. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Mama, ki ji abin da kike faɗa." Na ji. A bakina ma bai yi kama da hankali ba.

Ranar da matar council za ta zo, na roƙe shi ya bar kwamfutar a kunne, ko don a gani. Na shiga wanka, kafin in fito ya ƙara lamba. Ana ƙwanƙwasa ƙofa kwamfutar tana nan a mace, ciki a buɗe, wayoyi a waje, salatif da reza a kan tebur.

Matar dattijuwa ce, ta cire takalmi ba tare da an ce mata ba. 'Yar ta zauna a tsakani za ta yi tafinta, don Turancina na shara ne, ina ji amma ba ya fita da kyau. Matar ta fara da Malam. Ta tambaye shi wace rana ce, ya buɗe baki kalmar ta ƙi zuwa. Ta nuna agogo, ya ce takalmi, ya girgiza kai don ya san ba haka ba ne, ya sake cewa takalmi. Ta tambaye shi ko yana so ya zauna a gidan nan, ya daki hannun kujera ya ce, "Nan." Sai ta nuna akwatin ta ce wannan fa? Ya ɗauko bayani, Hausa da Turanci suka cakuɗe masa, laptop, zafi, dama, hagu, iyaka. Ni kaina da na yi aikin da kyar na bi shi. 'Yar ta sunkuyar da kai.

Matar ta juyo gare ni. Ta yi tambayar a hankali, 'yar ta maimaita min da Hausa, ba ta kalle ni ba. A ganina, ya san abin da yake yi?

Na kalli akwatin, ba abin da zai taimake ni da shi. Na kalli Malam, ya juya wajen bango.

Na ce, "Ki gaya mata ban san abin da yake yi da wannan akwatin ba. Ban sani ba jiya, ban sani ba yau. Amma na yi kuskure a wurin da idonsa bai gani ba, ya zauna a kujerar nan ya gano shi. Ba a kwamfuta ya gano ba, a halina ya gano. Ya san da wace ƙafa nake fara sa takalmi, ya san ta ina nake fara shara. Ya kuma ce laifinsa ne da bai faɗa min ba. Wanda hankalinsa ya tafi ba ya cewa laifina ne. Bakinsa ne ya karye, da hannunsa. Shi yana nan."

'Yar ta juya wajen matar. Da ta so, da ta rage, ba mai kama ta sai ni. Ta fassara duka, ina jin ta, ko kalma ba ta yar ba. Da ta gama sai ta ƙara nata, ta ba da labarin gas. Matar ta kalle ni.

Na ce, "Gaskiya ne. Ya bar gas, zai iya sake bari. A nemo wa gas magani, a bar min mijina."

Matar ta jima tana tambayoyi bayan nan, wasu ta yi masa su da hotuna, ya riƙa nunawa da yatsa maimakon faɗa, a nan kuwa bai faɗi ba. Ba ranar aka yanke ba. Daga baya aka ce zai zauna a gida, wata za ta riƙa zuwa da safe lokacin da nake wurin aiki, aka sa wa murhun makulli, aka haɗa shi da mai koyar da magana.

Amma a ranar, da na raka 'yar bakin matattakala, ta tsaya ta ce, "Mama, in wani abu ya same shi fa?"

Na ce, "In ya same shi, ni na ce a bar shi."

Ta ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "A'a."

Ta gyara jakarta a kafaɗa. Sannan ta ce in gaya wa Baba za ta zo Asabar, ya nuna mata kwamfutar in ta tashi.

Ya samu iyakar tasa daga baya. Ya kai wata lamba ta faɗi, ya dawo baya kaɗan ya tsaya a nan. Ya kira ni in gani. Na duba, ban ga abin da ya ƙaru ba, gilashi ne da rubutu kamar kullum. Na ce masa madalla. Har yau da nake wannan magana ban san ina ta je da gudun ba. Malam ya yi shekaru bayan nan, kuma a gadonsa ya cika, a ɗakinsa, ina riƙe da shi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Saura ƙiris in sa hannu a fitar da mutum daga gidansa, kuma hujjata ita ce ban gane abin da yake yi ba. To ai ban taɓa ganewa ba, ko lokacin da yake da lafiya, sai dai lokacin ba wanda ya tambaye ni. In ka kasa gane mutum, kafin ka ce hankalinsa ya tafi, ka fara tambayar kanka ko dā can ka taɓa zama ka saurare shi.